Uba Bayan Saki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Riƙon 'Ya'ya da Ƙalubalantar Hukunci a Kotunan Kano

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye maza suka fi maimaitawa a harabar kotunan Shari'a na birnin Kano, da zaurukan malamai, da ofisoshin lauyoyi, bayan aure ya mutu an shiga ja-in-ja a kan yara. An gina amsoshin a kan mazhabar Malikiyya, wadda da ita kotunan jihar ke hukunci a sha'anin iyalin Musulmi, da kuma Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999.

An yaye yaro, aure kuma ya mutu. Ba uba ne ya kamata ya karɓi ɗansa ba?

Haka aka saba a gidajenmu. Da an yaye yaro sai dangin uba su aiko a ɗauke shi, a kai wa kakarsa ko gwaggonsa ko matar uban. Al'adar ta daɗe har mutane da yawa suka ɗauka ita ce hukuncin addini, amma a gaban alƙali ba ta da nauyi. Riƙon yaro, wanda fiƙihu ke kira hadana, wato kwanansa da wankansa da abincinsa da jinyarsa, haƙƙin uwa ne bayan saki. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Shehu Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim, littattafan da alƙalanmu ke buɗewa kullum. Tushen maganar shi ne hadisin matar da ta kai kuka wajen Manzon Allah (SAW) cewa mijin da ya sake ta yana son raba ta da ɗanta, ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Wa'adin ma ya fi yadda ake zato tsawo. Namiji yana hannun uwarsa har ya balaga, mace kuwa har a ɗaura mata aure ta tare. Uban da ya shiga kotu da hujjar "ai an yaye shi" kaɗai, sau da yawa abin da yake fitowa da shi shi ne umarnin biyan kuɗin ciyarwa a rubuce.

Na ji a wa'azi cewa in yaro ya kai shekara 7 ana ba shi zaɓi. Ba gaskiya ba ne?

Gaskiya ne a wasu mazhabobin. Shafi'iyya suna ba yaron da ya yi wayo zaɓi tsakanin uwa da uba, Hanbaliyya suna ba namiji zaɓin a shekara 7, Hanafiyya kuma suna mayar da namiji ga uba a shekara 7, mace a 9. Kotunan Kano da mashhurin Malikiyya suke aiki, kuma a cikinsa babu wannan zaɓin. Alƙali yana iya kiran yaro ya tambaye shi yadda ake kula da shi don ya gane halin da yake ciki, amma amsar yaron ba ita ke yanke hukunci ba.

Idan riƙo na uwa ne, ni me ya rage a hannuna?

Walicci, kuma saki bai taɓa shi ba. Sunanka yaro ke amsawa. Kai ne mai kula da dukiyarsa in yana da ita, kai ne waliyyin auren 'yarka, kuma Halilu ya faɗa ƙarara cewa uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, da ladabtar da shi, da tura shi makaranta, ko da yana hannun uwarsa. Masu sharhi suka ƙara da cewa duk wannan da rana ne, da dare yaro ya koma ya kwana wajen mai riƙonsa. Saboda haka kana da ta cewa a kan makarantar boko da Islamiyyar da zai shiga, amma ba za ka fake da karatu ka tura shi almajiranci wani gari don ka raba shi da uwarsa ba. Makarantar kwana ma sai da yardarta ko izinin alƙali.

A wannan gaɓar maza da yawa ke yin asara. Mafi yawan masu cewa an ƙwace musu yara, in aka zauna aka warware maganar, sai a ga ganin yaran aka hana su, ko an sauya musu makaranta ba da saninsu ba. Waɗannan haƙƙoƙi ne da kake da su a hannu, kuma kotu tana tabbatar da su cikin sauƙi in su ka nema. Wanda ya tsallake su ya nemi a ba shi yaran ɗungurungum, ya bar abin da zai samu ya bi wanda da wuya ya samu.

Ta yi wani auren. Me ya sa alƙali ya ba kakarsu yaran, ga ni zaune?

Domin riƙo jeri gare shi, kuma uba ba shi ne na biyu ba. A tsarin Mukhtasar, bayan uwa sai mahaifiyarta, sai kakar uwar, sai 'yar'uwar uwa wato innar yaron, sai innar uwar, sai kakar yaron ta wajen uba, sannan uba. Bayan uba sai 'yar'uwar yaron, sai gwaggo, har a gangara zuwa wasiyyi da ɗan'uwa da baffa. Ko Sayyidina Umar wannan hukuncin ya hau kansa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a harabar masallacin Ƙuba bayan ya rabu da uwarsa, ya ɗora shi a kan abin hawansa, kakar yaron ta cim masa suka yi jayayya har gaban Sayyidina Abubakar. Halifa ya ce ya bar mata shi, Umar bai ƙara cewa komai ba.

Akwai sharaɗi ɗaya a nan da ba kowa ya sani ba: kakar da riƙo ya koma hannunta dole ta kasance ba gida ɗaya take zaune da uwar da riƙonta ya faɗi ba. In takarda ta ce yara suna wajen kaka a Gwammaja, alhali kullum a gidan sabon mijin uwarsu suke kwana a matsayin agola, wannan abu ne da za ka iya kawo shaidu a kansa. Haka nan kowace mace a jerin sai ta cika sharuɗɗan da aka lissafa a amsar da ta shafi dalilan cire yaro. Kakar da tsufa ya ci ƙarfinta, ko innar da ke ɗakin mijin da ba muharramin yaron ba, ana tsallake su.

Lura kuma cewa mahaifiyarka tana gabanka a jerin. In dangin uwa sun ƙare, ƙarar da aka shigar da sunan kakar yaran ta wajen uba ta fi wadda ka shigar da sunanka ƙarfi.

Ko da yaushe auren uwa yana zubar da riƙonta?

A'a. Da farko, ɗaurin aure kaɗai bai isa ba, sai ta tare. Sannan riƙon yana nan in sabon mijin muharramin yaron ne, kamar baffansa, ko kuma yana cikin waliyyansa, abin da ke faruwa sosai a auren zumunci. Yana nan in jariri ne da ya ƙi karɓar nonon kowa sai nata, ko in babu wani mai riƙon da ya cancanta bayanta.

Abin da ya fi cin mutane shi ne shiru. Wanda riƙo zai koma hannunsa, in ya san ta yi aure ta tare ya yi shiru har shekara guda ba tare da wani uzuri ba, haƙƙinsa na karɓa ya faɗi. Kawaici da kunyar surukai suna sa mutum ya yi ta jira, sai bayan shekara biyu ya je kotu a ce masa ya makara.

Waɗanne dalilai kotu ke karɓa ta cire yaro daga hannun mai riƙonsa?

Sharuɗɗan mai riƙo sanannu ne: hankali, da ikon ɗaukar ɗawainiyar yaro, da amana a addini da ɗabi'a, da amintaccen wurin zama musamman ga yarinyar da ta fara tasawa, da rashin cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaron, da iya tattalin kuɗin da ake ba ta dominsa. Rushewar ɗaya daga cikinsu, in an tabbatar, tana mayar da riƙo ga na gaba a jeri. A aikace abubuwan da ke da nauyi su ne irin ɗora wa yarinya talla har dare a tasha ko bakin kasuwa, da daina zuwa makaranta na tsawon zango, da dukan da ya bar tabo, da barin yaro ba magani yana ciwo, da shaye-shaye a gidan.

Abubuwan da ba sa cire riƙo kuwa: talaucin uwa, tunda ciyarwa a kanka take, aikin gwamnati ko koyarwa ko kasuwanci, matuƙar akwai mai duba yaron in ta fita, zawarci na mutunci, da kasancewar gidanka ya fi nasu girma. Ko bambancin addini a Malikiyya ba ya zubar da riƙon uwa da kansa, sai dai a sa Musulmi su riƙa sa ido in ana jin tsoron tarbiyyar yaron.

Yaya zan tabbatar da sakacin a gaban alƙali?

Hujja a kan mai da'awa take, kuma ana ɗaukar mai riƙo a kan amana har a nuna akasin haka. Ana buƙatar shaidu biyu adalai da suka gani da idonsu, su faɗi rana da wuri da abin da ya faru. "Kowa a unguwa ya sani" ba shaida ba ce. Mahaifinka da mahaifiyarka da matarka da 'ya'yanka ba a karɓar shaidarsu in ta goyi bayanka, haka wanda ke da sananniyar gaba da ita. Maƙwabcin da ba ruwansa da kowa, ko malamin ajin yaron, ko limamin unguwa, su ne shaidun da ke tsayuwa. Rajistar zuwa makaranta, da sakamakon jarrabawa, da katin asibiti suna ƙarfafa magana, amma sun fi amfani in wanda ya rubuta su ya zo ya yi bayani da bakinsa.

Ka kiyayi harshenka a kan mutuncinta. Jifan mace da zina ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80 kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta tanada, kuma laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Shari'a ta jihar Kano. Fushi yana sa mutum ya furta a gaban alƙali abin da zai juya shari'ar ta koma kansa. Ban da wannan, matar nan uwar 'ya'yanka ce, kuma abin da aka rubuta a littafin kotu wata rana za su iya karanta shi.

In riƙon ya zo kaina, me za a nema daga gare ni?

Duk sharuɗɗan da aka nema daga uwa, da ƙari ɗaya: namiji ba ya riƙon yaro sai yana da macen da za ta yi ɗawainiyar, mata ko uwa ko 'yar'uwa. Alƙali yana iya kiran matarka ya tambaye ta ko ta yarda. Ka yi maganar da ita tun a gida, ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah yadda zaman zai kasance in ka fita kasuwa tun safe sai bayan isha. Yaron da aka raba da uwarsa aka kai hannun matar uban da ba ta so, shi ne ke biyan kuɗin shari'ar da uban ya ci.

Aiki ya mayar da ni wani gari, ko ita ce za ta ƙaura da su. Yaya hukuncin yake?

A wannan babin Malikiyya ta ba uba ƙarfi fiye da ko'ina. Ma'aunin shi ne baridi 6, wato mil 72, kimanin kilomita 120 zuwa 130. In mai riƙo za ta ƙaura ƙaurar zama zuwa wuri mai wannan nisan ko fiye, kamar daga Kano zuwa Zariya ko Katsina ko Kaduna, riƙonta yana faɗuwa in waliyyi ya nema. Wudil da Bichi da Gwarzo ba su kai ba. Ziyara, da biki, da fatauci, da jinya ba ƙaura ba ne.

In kai ne za ka ƙaura ƙaurar zama mai wannan nisan, kana da damar tafiya da yaron, ita kuma ta zaɓa ko ta koma garin ta ci gaba da riƙo ko ta haƙura. Sharaɗi shi ne hanyar da garin su kasance da aminci, kuma a rantsar da kai cewa zama za ka yi, ba dabarar ƙwace yaro ba ce. Ka zo da takardar sauyin wurin aiki, da shaidar gidan da ka kama, da makarantar da ka samar masa. In kuwa kana da dalilin jin tsoron za a fitar da yaro ƙasar waje, ka nemi umarnin hanawa tun yana nan, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan dawo da yaran da aka tsallaka da su, kuma dawo da yaro bayan ya fita aiki ne mai tsawo da tsada.

Suna hana ni ganin yarana. Me zan nema takamaimai?

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa. Hana ka ganinsu cutarwa ce, kuma kotu tana da hurumin gyarawa. Kuskuren da ake yi shi ne a karɓi umarni mai cewa "a bar shi ya riƙa ganin 'ya'yansa" kawai. Irin wannan ba ya aiwatuwa, domin ba a san ranar da aka saɓa masa ba. Ka roƙi a rubuta ranaku, misali Asabar ko Lahadi, da ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da wanda zai ɗauko su da wanda zai mayar, da yadda za a raba hutun makaranta da ƙaramar sallah da babba, da lokacin waya. Kwana a gidanka a lokacin hutu abu ne da aka fi samu ta sulhu, don haka ka sa shi cikin abin da za ku daidaita a kai.

Bayan idda ita ba muharramarka ba ce, shiga ɗakinta da sunan ganin yara yana jawo maganar da ba ka buƙata. A yi miƙa yara a zaure, ko gidan kaka, ko ta hannun kawunsu. Duk ranar da aka hana ka, rubuta kwanan wata, ka je da mutum ɗaya da zai shaida, ka koma kotun da ta ba da umarnin.

Nawa zan riƙa bayarwa, kuma zan iya dakatarwa in an hana ni ganinsu?

Babu adadi ɗaya da doka ta yanka wa kowa. Alƙali yana duba samunka da farashin kasuwa, bisa aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, mai yalwa gwargwadon yalwarsa. Abin da ke kanka shi ne abinci, da sutura, da magani, da karatu, da kason yaron na kuɗin muhalli gwargwadon ijtihadin alƙali. Uwa ba ta da lada a kan riƙon kansa, amma wadda ta fita daga aurenka tana iya neman ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 ta wannan surar ta nuna. Ka zo da takardar albashi, ko bayanin cinikinka in ɗan kasuwa ne kai, da yawan mutanen da kake ciyarwa. Lissafi da kwano ya fi lissafi da naira daɗewa: kwano nawa na shinkafa da masara da wake a wata, sai kuɗin cefane a kai. Kuɗin makaranta da na asibiti kana iya roƙon a bar ka ka riƙa biya kai tsaye.

Mai riƙo ita ke karɓar ciyarwar, ba za ka ce yara su riƙa zuwa gidanka cin abinci a madadinta ba. Dakatarwa kuwa ba ta halatta ba, domin haƙƙin yaro ne, ba farashin ganinsa ba. Abin da alƙali ya yanka in ya taru bashi ne a kanka, kuma uban da ake bi bashin wata shida ba ya samun kunnen kotu in ya zo da kukan an hana shi ziyara. Ka riƙa biya ta banki ko ta ofishin kotu da rasit. In samunka ya ragu, koma ka nemi a rage, kada ka rage da kanka.

Lokacin hul'i ta ce ta bar mini yaran. Maganar tana nan?

Malikiyya ta yarda mace ta yi hul'i da sauke haƙƙinta na riƙo, da sharaɗin yaron ba zai cutu ba. Malamai sun yi saɓani a kan ko riƙon yana tsallakowa kai tsaye zuwa ga uba, ko kakar yaron ta wajen uwa tana iya tashi ta nemi nata, tunda 'yarta ba ta da ikon sauke haƙƙin wani. Hanyar kauce wa wannan ita ce a kira kakar da innar yaron a zaman, a rubuta matsayinsu a littafin kotu. Abin da aka faɗa da baki a tsakar gida cikin fushi da wuya ya tsayu.

Dole sai an je kotu?

Ba dole ba ne, kuma abin da aka samu ta sulhu ya fi daɗewa. A fara da waliyyan da suka ɗaura auren, sai mai unguwa ko limami ko Zauren Sulhu na unguwa. Hukumar Hisba, wadda dokar jiha ta kafa a 2003, tana zaman sasanci a hedikwatarta ta Sharaɗa da ofisoshinta na ƙananan hukumomi. Sai dai Hisba ba kotu ba ce, ba ta yanke hukuncin riƙo. Duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta shi, ku sa hannu da shaidu, sannan a kai wa alƙali ya mayar da shi hukuncin sulhu. Ta haka ne kawai za a iya tilasta shi in wani ya saɓa.

Yaya ake shigar da ƙara?

Ana zuwa kotun Shari'a ta yankin da wadda ake ƙara take zaune. A ofishin magatakarda za ka faɗi ƙararka, ka biya kuɗin shigarwa da na sammaci, ka karɓi rasit a kan kowane. Ranar zama alƙali zai nemi da'awarka, kuma dole ta fito fili: ranar saki, sunayen yara da shekarunsu, inda suke yanzu, da abin da kake roƙo ɗaya bayan ɗaya. Ita za ta amsa ko ta musa. In ta musa sai shaidu, kowane ɓangare a ba shi damar sukar shaidun ɗayan. Kafin hukunci sai i'izari, wato alƙali ya tambaye ka a gaban shaidu ko kana da sauran hujja.

Ka riƙe takardar saki, da takardun haihuwar yaran na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da rasitan duk abin da ka kashe musu. Ka jera roƙonka hawa-hawa: riƙo in kana da dalilinsa, in bai samu ba to jadawalin ziyara da tabbatar da haƙƙinka a kan makaranta, kamar yadda aka yi bayani a amsar walicci. Lauya ba dole ba ne a wannan matakin.

Ban gamsu da hukuncin ba. Ina zan nufa?

Kwana 30 gare ka daga ranar hukunci. Daga kotun Shari'a ana zuwa Babbar Kotun Shari'a, irin su ta Ƙofar Kudu da ta Shahuci, daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya ba hurumi a kan aure da waliccin yara da gado, kuma alƙalai uku ke zama. Sama da ita sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, mai reshe a Kano, inda sashe na 247 ya ce alƙalai uku masana shari'ar Musulunci ne za su saurara, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. In kwanakin sun wuce ana neman ƙarin lokaci, amma sai da uzuri mai ƙarfi.

Kotun sama ba ta sake sauraron labarin aurenku. Kwafin shari'a take karantawa ta nemi kuskure. Kurakuran da ke rushe hukunci su ne rashin i'izari, da hana mutum sukar shaidu ko kawo nasa, da tsallake wani a jerin masu riƙo ba dalili, da hukunci a kan abin da ba a nema ba, da yanke hukunci a bayan idon wanda sammaci bai isa gare shi ba. Don haka tun a kotun farko ka tabbatar ana rubuta abin da ka faɗa, ka kuma nemi kwafin shari'a a ranar da aka yanke hukunci, domin buga shi yana cin lokaci. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da aiwatar da hukunci, sai ka nemi dakatarwar daban. A wannan matakin ka nemi lauyan da ya san fiƙihu kuma yake karanta nassin Larabci.

Ina ganin alƙalin ya karkata. Zan iya neman a sauya kotu?

Za ka iya, ta rubutaccen koke zuwa ofishin Babban Magatakarda na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. In zargin na cin hanci ne ko rashin ɗa'a, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha ce ke da ikon ladabtarwa. Koken ya ƙunshi lambar ƙara, da ranaku, da abin da ya faru a zahiri, kamar dangantakar alƙali da ɗaya ɓangaren. Hukuncin da bai yi maka daɗi ba maganinsa ɗaukaka ƙara, ba koke ba.

In na je makaranta na ɗauko ɗana, laifi ne? 'Yan sanda fa?

In akwai hukuncin kotu, raina kotu ne, kuma yana iya kai ka gidan gyaran hali. Ko babu hukunci, alƙali zai fara da umartar ka mayar da yaron kafin ya saurari komai, ka kuma shiga shari'ar da tabon da zai bi ka har ƙarshenta. Yaron da aka fizge a ƙofar makaranta yana kuka ba ya manta ranar. Ofishin 'yan sanda ba wurin raba riƙo ba ne, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba. Inda suke da hurumi shi ne in an yi wa yaro rauni ko wani cin zarafi. A nan a fara kai shi asibiti a karɓi rahoton likita, sannan a nemi umarnin gaggawa daga kotu.

Ni dokar ce gaba ɗaya nake ganin ta danne maza. Ana iya ƙalubalantar ta?

Wasu sukan so su je Babbar Kotun Jiha da sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki, mai hana wariya saboda jinsi, ta hanyar ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan'adam na 2009. Hanyar tana da shinge biyu. Kundin da kansa ya amince da dokar iyali ta Musulunci a sashe na 277, sannan kotuna suna korar ƙarar kare haƙƙi in ainihin abin da ake nema a cikinta riƙon yaro ne. Sashen da ke yi wa uba aiki da gaske shi ne na 36, haƙƙin a saurare ka da adalci, kuma wurinsa cikin dalilan ɗaukaka ƙara.

In aka duba tsarin gaba ɗayansa, mata ma suna da nasu kukan: walicci na uba ne, ƙaurarsa tana iya raba uwa da ɗanta, aurenta yana zubar da riƙonta alhali naka ba ya taɓa waliccinka. Inda kukan maza yake da gaskiya shi ne wajen aiwatarwa: umarnin ziyara da ba a fayyace ba, da rashin matakin gaggawa a kan mai hana uba ganin ɗansa, da bambancin ƙiyasin ciyarwa daga kotu zuwa kotu. Gyaran waɗannan aikin Majalisar Dokokin Jiha ne da shugabannin ɓangaren shari'a. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya gabatar da maganar rubutacciyar dokar iyali, ta jawo muhawara mai zafi, a watan Mayun 2023 kuma Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha. Mai son gyara ya rubuta takardarsa da hujjar fiƙihu, ya kai wa ɗan majalisar mazaɓarsa, ya kuma halarci zaman jin ra'ayin jama'a in an kira.

Aurenmu na rajista ne, a coci aka ɗaura. Duk wannan ya shafe ni?

Bai shafe ka ba. Auren rajista yana ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta tarayya ta 1970, kuma Babbar Kotun Jiha ce ke raba shi ta yanke riƙo. Sashe na 71 ya ɗora komai a kan maslahar yaron, babu jerin dangi, babu wa'adin balaga irin na Malikiyya. Kotu tana duba shekarun yaro, da wanda ya saba da shi, da tanadin karatu da muhalli, tana kuma iya ba da riƙon haɗin gwiwa.

Hukuncin riƙo na har abada ne?

Yana tafiya ne da halin da aka yanke shi a kai. In sabon dalili ya taso, kamar aure, ko ƙaura, ko rasuwar kaka, ko sakacin da bai faru ba a da, sabuwar ƙara ake shigarwa a kotun farko, ba ɗaukakawa ba. Uwar da riƙonta ya faɗi saboda aure, a mashhurin mazhaba ba ya dawo mata don auren ya mutu, sai a 'yan wurare, kamar in kakar da ke riƙon ta rasu alhali uwar ba ta da aure. Wadda rashin lafiya ta hana kuwa, yana dawo mata in ta warke. Namiji in ya balaga riƙo ya ƙare, ya zauna inda ya ga dama, ciyarwarsa kuma tana kanka har ya balaga yana da hankali da ikon nema. Mace tana hannun mai riƙonta, ciyarwarta tana kanka, har ranar tarewarta, kuma ba a ɗaura mata aure sai da izininka ko na wanda ka wakilta. Duk lokacin da za ka koma kotu, ka tafi da kwafin tsohon hukuncin mai hatimi da lambar ƙararsa, domin da shi magatakarda zai nemo fayil ɗin.